Shekaru, tumbi da matsalar fitsari ga maza

A asibitocin Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran asibitocin arewacin Najeriya, akwai wani irin majinyaci da ma'aikatan ɗakin gaggawa suka saba gani: dattijo da 'ya'yansa suka kawo cikin dare, mararsa ta cika ta yi tauri, fitsari ya matse shi amma ya ƙi fita.

A mafi yawan lokuta sai an zura masa roba kafin ya sami sauƙi. Idan kuma aka bi tarihinsa, sai a tarar cewa ya yi shekaru yana fama da tashin dare da jinkirin fitsari, bai taɓa gaya wa kowa ba, don ya ɗauka cewa haka tsufa yake.

Abin da ya fi jawo wannan hali ga maza masu shekaru shi ne kumburin furostet. Abubuwa biyu ne masana suka fi dangantawa da shi, watau shekarun mutum da kuma nauyin jikinsa. Na farkon ba shi da makawa. Na biyun kuwa yana hannun mai jikin, ko da yake tasirinsa bai kai na shekaru ba.

Wace gaɓa ce wannan?

Kafofin watsa labarai na Hausa sun saba kiran wannan lalura da sunan ciwon mafitsara, to amma sunan yana rikita mutane. Mafitsara ita ce jakar da ke tara fitsari, kuma maza da mata duk suna da ita. Furostet kuwa wani ɗan ƙullin tsoka ne da ke ƙarƙashin mafitsara, a gaban dubura, wanda maza kaɗai ke da shi. Aikinsa shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Hanyar fitsari ta tsakiyarsa take ratsawa, kamar yadda yatsa ke ratsa zobe. A jikin saurayi nauyinsa bai wuce giram 20 ba, watau kwatankwacin goro madaidaici.

Gaɓar tana girma da sauri a lokacin balaga, sannan ta lafa. Daga bisani sai ɓangarenta na ciki, wanda ke kewaye da hanyar fitsari, ya shiga ƙara girma a hankali har iya tsawon rayuwa. Kalmar kumburi ma ba ta dace sosai ba, domin ba irin kumburin maruru ba ne da zai nuna ya fashe ya saɓe. Ƙarin nama ne, kuma ba ya komawa da kansa.

Idan naman ya matse hanya, sai mafitsara ta riƙa yin aiki fiye da ƙima don ta tura fitsari. Mutum zai ga ya tsuguna ya daɗe kafin fitsarin ya fara zuwa, ƙarfinsa ya ragu, yana yankewa yana dawowa, ya kuma tashi yana jin kamar bai gama ba. Daga baya mafitsarar kanta takan zama ba ta da haƙuri: fitsari ya matso babu sallama, a riƙa zagawa a kai a kai, da dare kuma a tashi sau uku ko huɗu.

Ga Musulmi da yawa, alwala ce ke fara tona asirin lamarin. Mutum ya yi tsarki ya yi alwala, ya miƙe zai tafi masallaci, sai ya ji ɗigo. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin matsalar, har littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsarin da ba ya iya riƙewa. Sai dai dattawa da dama kan tsaya a wurin malam, su sami fatawa, ba su ƙarasa wurin likita ba.

Shekaru

Alƙaluman da likitoci suka fi kafa hujja da su a kan shekaru sun fito ne a 1984, lokacin da wasu masana a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka suka tattara sakamakon binciken gawarwakin maza fiye da 1,000.

Sun gano cewa a tsakanin 'yan shekara 31 zuwa 40, kimanin kashi 8 cikin ɗari ne kawai ke da alamun wannan ƙarin nama. A tsakanin 'yan shekara 51 zuwa 60 adadin ya kai rabi. A kan waɗanda suka haura 80 kuwa, ya doshi kashi 90 cikin ɗari.

Ma'ana dai duk namijin da Allah ya yi wa tsawon rai, da wuya ya kauce masa, ko siriri ne ko mai jiki, ko masunci ne a Argungu ko babban sakatare a Birnin Kebbi.

Wani dogon bincike da aka fara wajajen 1990 a gundumar Olmsted ta jihar Minnesota, inda aka bi diddigin maza fiye da 2,000 na tsawon shekaru, ya nuna cewa gaɓar kan ƙaru da abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari ba a kowace shekara. Ƙarin kaɗan ne, shi ya sa mai shi ba ya lura. Yakan sauya al'adarsa ne sannu a hankali, ya daina shan ruwa idan zai yi tafiya, ya riƙa zaɓar bakin sahu a masallacin Juma'a, ya ajiye buta kusa da shimfiɗa.

Haɗarin toshewar fitsari gaba ɗaya shi ma yana hawa da shekaru. An ƙiyasta cewa a cikin maza goma da ke cikin shekarunsu na 70, kimanin ɗaya zai gamu da ita a cikin shekara biyar.

Bayanan da aka samu a Afirka ta Yamma ba su saɓa wa waɗannan ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda aka yi kan maza 950 'yan shekara 50 zuwa 74 a birnin Accra na Ghana, ya tarar da kumburin a jikin kimanin kashi 62 cikin ɗari nasu. A wani yankin karkara na kudu maso yammacin Najeriya kuma, binciken da aka wallafa a 2017 ya sami lalurar ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mazan da suka kai shekara 40.

Akwai wani abin lura a binciken na Accra. Duk da cewa fiye da rabin mazan na da kumburin, kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai fitsari ke damunsu sosai. Girman gaɓar daban, wahalar da take bayarwa daban. Wani furostet ɗinsa ya ninka sau uku amma yana fitsari lafiya lau, wani kuma ƙarin kaɗan ne amma ya faɗo daidai bakin hanya ya tare ta.

A duniya baki ɗaya, wani ƙiyasi da aka wallafa a 2022 ya ce masu lalurar sun tashi daga kimanin miliyan 51 a shekarar 2000 zuwa miliyan 94 a 2019. Babban dalili shi ne yawan jama'a ya ƙaru, kuma mutane sun fi daɗewa a duniya.

Me ya sa tsufa ke kawo shi?

Shekaru kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da sinadarin mazantaka da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda ake kira testosteron. A cikin furostet jiki yana juya shi zuwa wani sinadari mafi ƙarfi da ake taƙaitawa da DHT, kuma shi ne ke ciyar da gaɓar shekara da shekaru.

Hujja a kan haka ta zo daga wurare biyu masu ban mamaki. A 1960 likitoci a birnin Beijing sun duba wasu tsofaffi 26, ragowar bayin fadar sarakunan China da aka dandaƙe tun suna da ƙuruciya. A jikin 21 daga cikinsu, furostet ya ƙanƙance har likita bai iya jin sa da yatsa ba.

A 1974 kuma wata likita Ba'amurkiya, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, waɗanda mazansu suka gaji rashin iya samar da DHT. Su ma furostet ɗinsu bai girma ba. Wannan rahoto ne ya buɗe hanyar ƙirƙiro maganin finasteride, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992, kuma har yau ana ba da shi a asibitocin Najeriya.

Gado ma yana da nasa kason. Wanda aka yi wa mahaifinsa ko wansa tiyatar furostet tun bai kai shekara 60 ba, ya fi wani kasancewa cikin haɗari. Zancen da ake yi a majalisa cewa yawan saduwa da iyali ko ƙarancinta ne ke kawo kumburin, bincike bai tabbatar da shi ba.

Ina ƙiba ta shigo?

Likitoci suna auna ƙiba da wani lissafi da ake kira BMI. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilogiram, a raba da tsayinsa a mita, a sake rabawa da tsayin. Alal misali, mutum mai tsayin mita 1.7 da nauyin kilo 87 zai sami 30. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuma an shiga ƙiba.

A 2006 masu bincike a birnin Baltimore na Amurka sun wallafa abin da suka gani bayan ɗaukar hoton furostet na maza fiye da 400. Duk ƙarin maki ɗaya a wannan lissafi, ya zo da ƙarin kusan rabin mililita a girman gaɓar. Waɗanda lissafinsu ya kai 35 sun ninka marasa ƙiba sau uku da rabi a yiwuwar samun kumburin. Masu ciwon suga ma sun ninka marasa shi fiye da sau biyu.

Sai dai ba kowane irin nauyi ba ne ya fi yin illa. Tun a 1994 masana a Jami'ar Harvard, waɗanda suka bi lafiyar ma'aikatan kiwon lafiya maza fiye da 25,000, suka nuna cewa kitsen ciki ne abin dubawa. Mazan da kewayen cikinsu ya wuce santimita 109 sun ninka waɗanda nasu bai kai santimita 89 ba fiye da sau biyu a yawan zuwa ɗakin tiyatar furostet.

Watau tumbi ne abin tsoro, ba faɗin ƙirji ko kaurin damtse ba. Ɗan kokawa ko manomi mai ƙirar ƙarfi zai iya hawa sikeli ya yi nauyi, amma cikinsa a shafe. Wani kuma ga siraran ƙafafu ga siraran hannuwa, sai teɓa a gaba. Na biyun ya fi shiga haɗari.

Masana sun kawo dalilai da dama. Kitsen ciki ba ajiya ba ce kawai da ke zaune shiru. Yana juya wani ɓangare na sinadarin mazantaka zuwa na mata, kuma ana ganin wannan sauyi yana zuga furostet. Haka nan kuma mai tumbi jikinsa ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai jikin ya riƙa samar da shi da yawa, shi kuwa insulin yana sa ƙwayoyin halitta su hayayyafa. Ga kuma jijiyoyin da ke ɗaure tsokar bakin mafitsara, waɗanda kan zauna a ɗaure fiye da ƙima a jikin masu ƙiba da hawan jini.

Bayan haka, ƙiba tana ƙara wa mutum fitsari ta hanyoyin da ba su shafi furostet ba sam. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana sa yawan fitsari dare da rana. Mai jiki da ke minshari har numfashinsa ya riƙa sarƙewa a cikin barci, jikinsa kan samar da fitsari mai yawa da dare. Wasu magungunan hawan jini ma aikinsu ke nan, su fitar da ruwa. Saboda haka mutum zai iya shan maganin furostet wata da watanni bai daina tashin dare ba, domin ba can matsalar take ba.

Rayuwa ta sauya a kwarin Rima

Kakannin mutanen Kabi ba su san tumbi sosai ba. Noman fadama, su, tuƙa jirgi da tafiyar ƙasa zuwa kasuwanni ba sa barin kitse ya zauna.

Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama garin ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan kasuwa. Mutum ya fito daga gida ya shiga mota ko ya hau babur, ya wuni a kan kujera, ya dawo ya zauna a majalisa har dare. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a jihar, manyan injinan casa suka kankama a Birnin Kebbi da Argungu. Arziki ne babu shakka, to amma farar shinkafa da aka cashe tas, a ci da rana a ci da dare a kora da lemon kwalba, ba ɗaya take da tuwon gero ko na dawa ba a jikin wanda ba ya zufa.

Akwai kuma yadda al'umma ke kallon abin. Idan mutum ya ajiye tumbi, sai a ce hutu ya zo, ya murmure, Alhaji ya zama Alhaji. Idan ya rame kuwa sai a shiga tambaya ko lafiya. Babbar riga ita ma tana rufa asiri ƙwarai: mutum zai ƙara inci biyar a ciki, babu wanda ya sani sai telansa.

Telan kuwa yana da abin da ake buƙata a rataye a wuyansa. Ana zagaya tef ɗin awo ne a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, ba a ƙarƙashin teɓa inda ake ɗaura mazagi ba. Ga namiji, daga santimita 94, watau inci 37, an fara shiga haɗari. Daga santimita 102, watau inci 40, haɗarin ya yi yawa. Wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada kewayen ciki ya kai rabin tsayin mutum.

Rage ƙiba na warkarwa?

A nan ya kamata a yi hattara, domin masu tallar magani da shayin rage tumbi sun fi masana saurin yin alkawari.

Binciken da aka ambata a sama sun nuna cewa ƙiba da kumburin suna tafiya tare. Ba su nuna cewa naman da ya riga ya ƙaru zai narke idan an rame ba. A wani gwaji da aka yi a Hong Kong, wanda aka wallafa a 2015, an sa wasu masu ƙiba da ke da lalurar a shirin rage nauyi, amma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani a fitsarinsu ba, ko da yake nauyin da suka rage ɗin ma bai taka kara ya karya ba.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne rigakafi. Masanan na Harvard sun ruwaito a 1998 cewa mazan da ke tafiyar ƙasa ta awa biyu zuwa uku a mako, haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Wannan bai fi minti ashirin zuwa talatin a rana ba. Ga wanda ke zuwa masallacin unguwa a mota, lissafin a bayyane yake.

Don haka mai shekara 40 da tumbinsa ya fara fitowa shi ne ya fi cin ribar wannan bayani. Mai shekara 70 da fitsari ya riga ya fara yi masa gardama zai amfana da rage nauyi ta fuskar suga da hawan jini da barci, amma hakan ba ya maye gurbin ganin likita.

Ba kowace matsalar fitsari ba ce furostet

Wannan gargaɗi ya fi muhimmanci a kwarin Rima fiye da wurare da yawa. Duk wanda ya taso yana wanka ko su ko aikin shinkafa a gulbi da fadamun Argungu da kewaye ya san tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Ana ɗaukarta ne daga ruwan da ke da wasu ƙananan dodon-koɗi, kuma maganin praziquantel yana kashe tsutsar.

Idan ba a magance ta ba, ƙwayayen tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru. Suna iya sa bangon ya taurare, su toshe hanyoyin da ke saukowa daga ƙoda, a wasu mutanen kuma su kai ga sankarar mafitsara. Saboda haka dattijon masunci siriri da ya ga jini a fitsarinsa, kada ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo, kada kuma a ba shi maganin furostet a kemis a sallame shi. Yana buƙatar a duba mafitsarar kanta.

Haka kuma ciwon sanyi da aka ɗauka a samartaka ba a yi masa magani sosai ba, yakan bar tabo a hanyar fitsari ya tsuke ta. Alamunsa kusan ɗaya ne da na furostet, amma maganinsa daban, kuma yakan bayyana ga wanda bai ma kai shekara 40 ba. Ga kuma tsakuwar mafitsara, wadda zafin bazara da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa.

Sai babbar tambayar da ke ran kowa, watau sankara. Kumburin furostet ba sankara ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama sankara. To amma ana iya samun su biyun a jikin mutum ɗaya, kuma sankarar furostet ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Najeriya. A farkonta sau da yawa ba ta da wata alama.

Gwajin jini da ake kira PSA yana taimakawa wajen rarrabewa, ko da yake kumburi na yau da kullum ma yana ɗaga shi. A nan ma ƙiba na da ta cewa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa masu ƙiba suna da yawan jini a jiki, wanda ke tsarma sinadarin da ake aunawa, sai sakamakon ya fito ƙasa da yadda yake. Maganin finasteride shi ma yana rage sakamakon da kusan rabi, don haka dole mai shan sa ya gaya wa likita kafin gwaji.

Kunya ce ke hana maza da yawa zuwa, musamman da yake likita kan sa yatsa ta dubura don ya ji girman gaɓar da taurinta, abin da bai fi minti ɗaya ba. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan kunya ba. A watan Janairun 2024, lokacin da fadar Ingila ta bayyana cewa za a yi wa Sarki Charles na Uku, yana da shekara 75, aiki saboda kumburin furostet, masu neman bayanin lalurar a shafin intanet na hukumar lafiyar ƙasar sun ninka fiye da sau goma a cikin kwana guda.

Abin da ake yi a asibiti

A Birnin Kebbi ana iya fara bincike a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko babban asibitin gwamnatin tarayya da ke garin, a Argungu kuma a babban asibitin garin. Lamarin da ya yi tsanani akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da ƙwararru a fannin mafitsara da ƙoda.

Likita kan fara da wasu tambayoyi bakwai game da yadda mutum ke fitsari, a ba da maki daga 0 zuwa 35. Wanda bai wuce 7 ba, galibi shawara kawai ake ba shi: ya rage shan ruwa awa biyu kafin kwanciya, ya rage shayi mai kauri da kofi, ya guji maƙarƙashiya, ya kuma ɗan jira bayan ya gama fitsari ya sake gwadawa. A watan azumi, gara a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon a kwankwaɗe shi gaba ɗaya lokacin kwanciya.

Akwai magungunan da ake saye ba tare da tunani ba waɗanda ke iya toshe fitsarin mai furostet a dare ɗaya. Daga cikinsu akwai magungunan mura da ke buɗe hanci ko sa barci, da kuma tramadol da kodin. Riƙe fitsari a doguwar tafiyar mota ma yakan jawo haka.

Idan alamun sun yi yawa, akan ba da tamsulosin ko makamancinsa, wanda ke sassauta tsokar bakin mafitsara cikin 'yan kwanaki amma ba ya rage girman gaɓar. Yana iya sa jiri idan an miƙe da sauri, kuma wanda za a yi wa aikin yanar ido ya wajaba ya sanar da likitan ido cewa yana shan sa, domin yana shafar aikin. Finasteride da dutasteride kuwa suna rage girman da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, amma sai an yi wata shida ko fiye ana sha, kuma suna rage wa wasu sha'awa.

Tiyata tana zuwa ne idan magani ya gaza, ko fitsari ya toshe fiye da sau ɗaya, ko aka sami tsakuwa, ko zubar jini, ko ƙoda ta fara taɓuwa. Ana iya kankare naman ta hanyar fitsari ba tare da yanka ba, ko kuma a tsaga mara a ciro shi, wanda har yanzu ake yi sosai a Najeriya, musamman ga gaɓar da ta girma ƙwarai. Mai ƙiba ya fi fuskantar matsalar maganin barci da jinkirin warkewar rauni. Bayan aikin, mafi yawan maza maniyyinsu kan koma cikin mafitsara maimakon ya fito. Hakan ba ya cutarwa, amma yana iya hana haihuwa, don haka mai son ƙarin 'ya'ya ya yi wannan tambaya tun kafin ya sa hannu.

Akwai kuma wani nau'in toshewa da ya fi na tsakar dare haɗari, domin ba ya ciwo. Mafitsara kan saba da zama a cike, ta buɗe a hankali har ta riƙe fiye da lita guda, fitsarin ya riƙa tsiyaya da kansa, yana kuma danna ƙoda ta baya. Dattijon da ya fara jiƙa shimfiɗa da dare, mararsa ta ɗan tasa, ƙafafunsa na kumbura, abinci ya fita daga ransa, yana buƙatar a auna ƙodarsa a kuma ɗauki hoton mararsa a cikin wannan makon, ko da kuwa ya ce babu inda ke yi masa ciwo.